Ranar Yorkshire: Bikin da Ya Samo Asali Daga Ƙorafi

Ranar Yorkshire biki ne da ake yi kowace 1 ga Agusta domin tunawa da tarihi da al'adun Yorkshire, lardi mafi girma a cikin tsoffin lardunan Ingila, wanda ke arewacin ƙasar. An fara shi a shekarar 1975. Wanda ya ga yadda ake shagalinsa a yau, da tutoci da kaɗe-kaɗe da ciye-ciye, ba zai ce ɓacin rai ne ya haife shi ba.

Tun zamanin 'yan Viking, waɗanda suka ci birnin York da yaƙi a 866, lardin yake kashi uku: Riding ta Arewa, ta Gabas da ta Yamma, birnin York kuwa yana tsakiya, ba ya cikin ko ɗaya. Wajen shekara dubu aka yi a kan haka. Sai majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar ƙananan hukumomi ta 1972, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1974. Aka rushe majalisun sassan nan uku, aka shata sababbin iyakoki. Hull da Beverley suka tsinci kansu a wani sabon lardi mai suna Humberside, an haɗa su da mutanen arewacin Lincolnshire da ke ƙetaren ruwan Humber. Middlesbrough ta koma Cleveland, Sedbergh ta faɗa Cumbria, Saddleworth ta bi Manchester. Abin da ya fi ciwo shi ne na Barnoldswick da Earby, da aka miƙa wa Lancashire, tsohuwar kishiyar Yorkshire. A wurin jami'an Landan gyaran taswira ne kawai don sauƙin mulki. Masu garuruwan kuwa gani suka yi an kwana an tashi an canza musu asali ba tare da an ji ta bakinsu ba.

Cikin wannan hali aka kafa ƙungiyar Yorkshire Ridings Society, ita ce kuma ta shirya bikin farko a Beverley. Hujjarta ita ce, dokar ta taɓa iyakokin mulki ne kurum, lardin tarihi yana nan daram.

Dalilai biyu ake bayarwa na zaɓen 1 ga Agusta. Na farko yaƙin Minden ne, da aka gwabza a Jamus a rana irin wannan cikin 1759, inda dakarun Birtaniya da ƙawayensu suka rinjayi na Faransa. Cikin rundunonin da suka fafata akwai wadda daga baya aka sani da King's Own Yorkshire Light Infantry. An ce sojojin sun tsinki furannin wardi a kan hanyarsu ta zuwa fagen fama suka maƙala a jikinsu, shi ya sa rundunar ta riƙa sanya farin wardi duk shekara a wannan rana. Na biyu, ranar 1 ga Agusta, 1834 ne dokar haramta bauta a yawancin daular Birtaniya ta fara aiki. William Wilberforce, haifaffen Hull, wanda ya wakilci Yorkshire a majalisa, ya ƙarar da rayuwarsa a wannan gwagwarmaya, ya kuma rasu a ƙarshen Yulin 1833, bai ga ranar da dokar ta fara aiki ba.

Farin wardin shi ne tambarin lardin. Ana danganta shi da gidan sarautar York, wanda ya yi ta rikicin gadon mulki da gidan Lancaster mai jan wardi daga 1455 zuwa 1485. Tutar da ake ɗagawa a bikin shuɗiya ce da farin fure a tsakiya, an yi mata rajista a 2008.

Babu abin da ya riƙe ainihin manufar ranar kamar abin da ake yi a York. Birnin yana da ganuwa da ƙofofi, irin na Kano da Katsina, kuma har yanzu ana hawa ganuwar a yi tafiya a kanta. 'Yan ƙungiyar Yorkshire Ridings Society kan zagaya ƙofofin, irin su Bootham, Walmgate da Micklegate, suna karanta wata sanarwa da ke jaddada cewa Yorkshire sassa uku ce da birnin York, kuma duk wanda aka haifa ko yake zaune a cikinta, yake kuma yi mata biyayya, ɗan Yorkshire ne. Da harsuna huɗu ake karantawa: Latin, tsohon Ingilishi, tsohon harshen 'yan Viking da Ingilishin yau. Sanarwar na ambaton shekarun lardin, don haka duk shekara sai a ƙara ɗaya a kan lissafin. Masu yawon buɗe ido kan tsaya su ɗauki hoto, ko da uku daga cikin harsunan ba mai jin su sai malaman tarihi.

Tun daga 1985 wata ƙungiyar, Yorkshire Society, ta shigo da taron hukuma. Magadan gari daga sassan lardin kan hallara a gari guda, sanye da alkyabbarsu da sarƙar muƙami a wuya, a yi addu'a a coci, a yi jerin gwano, a ci abinci. A York aka fara, daga nan ake karɓa-karɓa tsakanin garuruwa.

Sauran jama'a kuwa nasu bikin na ciki ne da raha. A toya Yorkshire pudding, wani ƙulli na fulawa da ƙwai da madara da ke kumbura a tanda ana ci da romon nama, a yanka cukun Wensleydale, a dafa shayi, a sa hular nan mai faɗi ta ma'aikatan da, a yi ta zuzuta karin harshen yankin. 'Yan kasuwa ba a bar su a baya ba. A nan masu suka ke cewa an mai da ranar talla da barkwanci, an rage mutane sama da miliyan biyar zuwa hula da shayi. Suna da gaskiya ta wani fannin, musamman idan aka tuna Bradford, Leeds da Sheffield cike suke da 'ya'yan baƙi daga Pakistan, Karebiyan da Afirka, waɗanda wannan hoton bai ɗauko su ba. Sai dai sanarwar York ta fi hular faɗi, tunda ta ƙirga mazauni tare da haifaffe.

Ƙorafin bai tafi a banza ba. A 1996 an soke Humberside da Cleveland, sunan Riding ta Gabas ya dawo kan taswira. Wasu larduna ma sun kwaikwayi bikin: Lancashire na yin nata ranar 27 ga Nuwamba, Lincolnshire kuma 1 ga Oktoba. Amma burin haɗa Yorkshire ƙarƙashin mulki guda bai cika ba, domin gwamnati ta yi watsi da wannan buƙata a 2019, ta gwammace a zaɓi shugabannin yankuna daban-daban. Barnoldswick kuwa har yau majalisar Lancashire ce ke mulkinta.