Ƙwallon da Aka Soke a Brussels

Saura ƙiris a tashi daga wasa, Anderlecht na gaba da ci uku da nema, sai Nottingham Forest ta samu bugun kwana. Aka ɗago ƙwallo, Paul Hart, dogon ɗan bayan Forest, ya daka tsalle ya sa mata kai, ta faɗa raga. Da an bar ta, da jimillar wasa biyu ta koma uku da uku, kuma a dokar wancan zamani ƙwallon da ka ci a gidan abokin karawarka ita ke raba gardama. Forest ce ke nan za ta je wasan ƙarshe na Kofin UEFA. Sai alƙalin wasa ya busa usur, ya ce an yi ture. Wa ya ture wa? Yau fiye da shekara arba'in ana maimaita kallon hoton, masu kallo ba su ga turen ba.

Ranar 25 ga Afrilu, 1984 ce, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, karawa ta biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Mako biyu kafin nan Forest ta doke Anderlecht biyu da nema a filinta na City Ground, Steve Hodge ne ya ci duka biyun dab da tashi. Forest ɗin ma ba kanwar lasa ba ce: kocinta Brian Clough ya ɗauko ta daga rukuni na biyu a Ingila, ya kai ta ta ci Kofin Zakarun Turai sau biyu a jere, 1979 da 1980. Ita kuwa Anderlecht ita ke riƙe da Kofin UEFA a lokacin, wanda ta ci a 1983 bayan ta doke Benfica, ga ta da ƙwararru irin su Morten Olsen da Erwin Vandenbergh da wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Enzo Scifo. Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne wannan: ƙungiya ce da za ta iya rama ƙwallo biyu a gidanta da ƙarfin ƙafarta, ba sai an taya ta ba.

Scifo ya ci ta farko kafin hutun rabin lokaci, kuma ba wanda ya yi ƙorafi a kanta. Rigimar ta soma ne wajen sa'a guda da fara wasa, da Kenneth Brylle ya zube a cikin yadi na 18 kusa da Kenny Swain. 'Yan Forest suka rantse ko rigarsa Swain bai taɓa ba. Alƙali ya nuna fenareti, Brylle ya tashi ya buga ya ci. Vandenbergh ya ƙara ta uku saura minti biyu. Sannan ƙwallon Hart ta zo, aka soke ta.

Sunan alƙalin Emilio Guruceta Muro, mutumin Sifaniya, kuma sananne ne tun kafin wannan dare. A 1970, a wasan kofin ƙasarsu tsakanin Barcelona da Real Madrid, ya ba Madrid fenareti a kan ƙetar da aka yi a wajen yadi na 18. Filin Camp Nou ya hargitse, magoya bayan Barcelona kuma suka shafe shekaru suna kiran sunansa duk ranar da wani alƙali ya ɓata musu rai. Duk da haka ya ci gaba da samun manyan wasanni a gida da waje, ana lissafa shi cikin fitattun alƙalan Sifaniya.

Clough da yaransa sun bar Brussels da yaƙinin an cuce su. To amma wace ƙungiya ce aka taɓa fitarwa daga gasa ba ta zargi alƙali ba? Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san wannan kuka, kuma ya san ba a cika kula shi ba. Zargi ba hujja ba ne. A watan Fabrairun 1987 kuma Guruceta ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 45, a hanyarsa ta zuwa busa wani wasa. Jaridar Marca ta sa sunansa a kan kyautar da take ba gwarzon alƙalin shekara. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da ya faru ya tafi da bakinsa, aka ɗauka magana ta mutu tare da shi.

Ba hukumar ƙwallo ce ta tono ta ba, ba kuma 'yan sanda ba. Kwaɗayin waɗanda aka yi cinikin da su ne ya tona ta. Shugaban Anderlecht na lokacin, Constant Vanden Stock, hamshaƙin mai kamfanin giya wanda filin wasan ƙungiyar ke ɗauke da sunansa a wancan lokaci, bai tunkari alƙalin da kansa ba. Ta hannun 'yan tsakani aka bi, daga cikinsu akwai wani Jean Elst, mutumin da ya yi suna a harkokin bayan fage. Wanda ya ba ɗan daba ajiyar asirinsa kuwa ya ba kura ajiyar nama. Elst da wani mai suna René Van Aeken suka mai da asirin jari, suka yi ta tatsar ƙungiyar kuɗin toshiyar baki da barazanar fallasa. Haka aka yi ta tafiya har 1997, lokacin da tulu ya fashe. Roger Vanden Stock, ɗan tsohon shugaban wanda ya gaje shi a kujera, ya fito ya amsa cewa mahaifinsa ya ba Guruceta kuɗi, faran miliyan ɗaya na Beljiyam. Sai dai ya ce rance ne.

Ban karɓi wannan kalma ba, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya karɓe ta ba. Shugaban ƙungiya ba ya ranta wa alƙalin da ke busa masa wasan kusa da na ƙarshe kuɗi a ɓoye, ta hannun 'yan daba, sannan ya yi shekaru yana biyan wasu don kada a ji. Gaskiya ne Guruceta bai samu damar kare kansa ba, kuma ba a nuna cewa 'yan wasan Anderlecht sun san da cinikin ba, don haka bai kamata a shafa musu kashin kaji ba. Amma kuɗi sun fita daga hannun shugaba sun nufi alƙali, da bakin ƙungiyar aka ji, kuma hukunci biyu mafi nauyi a wasan duka gefe ɗaya suka faɗa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce asiri ya tonu, shi ke nan. Amma akwai tambayar da ta fi ta farko nauyi: yaushe hukumomi suka sani? Da maganar ta fito a 1997, abin da UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta fara cewa shi ne hannunta a ɗaure yake, domin laifin ya haura shekara goma, wa'adin hukunta shi ya wuce. Da matsin lamba ya yi yawa, ta dakatar da Anderlecht daga gasannin Turai na shekara ɗaya. Anderlecht ta kai ƙara Kotun Sasanta Rikicin Wasanni da ke Lausanne, a 1998 kotun ta soke dakatarwar, ba don ta wanke ƙungiyar ba, sai don kwamitin zartarwar UEFA da ya yanke hukuncin ba shi ke da hurumin yanke shi ba. Ko wasa ɗaya Anderlecht ba ta rasa ba.

Sai a 2016 wani binciken BBC ya nuna cewa tun a 1992 hukumar ƙwallon Beljiyam ta miƙa wa UEFA takardun da ke ɗauke da zargin, waɗanda Van Aeken ya aika wa hukumar ta Beljiyam. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Daga 1984 zuwa 1992 shekara takwas ce. A ranar da takardun suka isa, saura shekara biyu wa'adin nan ya cika, Clough yana kan kujerarsa a Forest, Constant Vanden Stock yana kan tasa a Anderlecht, 'yan tsakani suna raye ana iya yi musu tambaya. Takardu suka kwanta har wa'adi ya wuce, sannan aka kafa hujja da wucewarsa.

Wani abin da ke sa mutum ya yi shiru shi ne, a wannan rana ta 25 ga Afrilu an buga wani wasan kusa da na ƙarshe a birnin Roma, na Kofin Zakarun Turai. Dundee United ta Sikotland ta je da ci biyu da nema a hannu, Roma ta doke ta uku da nema, lissafi iri ɗaya sak. Daga baya ya fito fili cewa shugaban Roma, Dino Viola, ya ba wasu 'yan tsakani lira miliyan 100 da nufin a kai wa alƙalin wasan, Michel Vautrot na Faransa. Shi Vautrot an wanke shi. Roma da Anderlecht kuma duka sun faɗi a wasan ƙarshe da bugun fenareti: Liverpool ta doke Roma a gidanta, Tottenham ta doke Anderlecht a Landan, inda matashin gola Tony Parks ya tare bugun Olsen da na Arnór Gudjohnsen.

Wasu na cewa wannan faɗuwa ita ce sakayya. Ban yarda ba. Tottenham ce ta ɗauki kofi, Forest ba ta samu komai ba. A kakar da ta biyo baya an fitar da ita tun zagayen farko, a 1985 kuma aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila shiga gasannin Turai bayan bala'in filin Heysel. Clough bai sake jagorantar ƙungiya a Turai ba har ya yi ritaya a 1993. Ya rayu ya ji an tabbatar da abin da ya daɗe yana faɗa, ya rasu a 2004 ba tare da an gyara komai ba. Forest da tsofaffin 'yan wasanta sun nemi diyya a kotunan Beljiyam, shari'a ta yi ta jan ƙafa, ba su ga ko sisi ba. Ga mutum kamar Paul Hart, wanda kaka biyu kacal ya yi a Forest, wannan ita ce dama guda da ya samu ta buga wasan ƙarshe a Turai.

Wanda ya ba da kuɗin ya rasu a 2008, a lokacin filin wasa yana ɗauke da sunansa. A kundin UEFA har yau an rubuta Anderlecht 3, Nottingham Forest 0, babu wata alama a gefe da ke gaya wa mai dubawa abin da ita kanta Anderlecht ta amsa da bakinta. Ba a iya sake buga wasan, ba kuma wanda ya ce a ƙwace kofin Tottenham. Amma UEFA na da ikon rubuta gaskiya a gefen wannan sakamako, ta kuma nemi gafarar 'yan wasan Forest da suka rage a raye, domin bashin yana wuyanta tun 1992.