Tafkin Kainji da Dajin Zugurma: Waiwaye

Mutanen Salka da sauran garuruwan Kambari na ƙasar Kwantagora sun daɗe suna maƙwabtaka da kogin Kwara. A shekarar 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. A 1979 gwamnati ta haɗe dazuzzukan Borgu da Zugurma suka zama gandun namun daji na ƙasa.

Rayuwar wannan wuri tana bin juyin ruwa ne. Farin ruwa yakan sauko da damina cike da laka, baƙin ruwa kuwa sai da hunturu yake isowa daga tsaunukan Gini. Idan tafki ya ja baya, ciyawa takan tsiro a gaɓa, dorina da shanun makiyaya su yi kiwo, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai su sauka. Da farkon rani masu gadin daji sukan sa wuta tun ciyawa ba ta bushe ƙurmus ba, domin a kauce wa babbar gobara, toho ya fito, mai kallo kuma ya hangi gwanki da ɓauna.

A 2008 aka sanya tsibiran Foge cikin yarjejeniyar Ramsar. Sai dai a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun mayar da dajin mafaka. Dajin da mai gadinsa ke tsoron shiga, wa zai tsare dabbobinsa?