Alamomin da ke nuna shaye-shaye ya kama mutum

Unguwar Abatuwa da ke Jos ta samo sunanta ne daga babbar mayankar garin, inda aiki ke farawa tun kafin gari ya waye, cikin sanyin da aka san Filato da shi. A duk inda aiki ke da nauyi haka, ko kwata ce, ko tashar mota, ko ramin haƙar kuza, ƙwaya ba ta cika shigowa da sunan maye ba. Da sunan maganin gajiya take shigowa, shi ya sa iyali kan daɗe ba su farga ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Ɗaya cikin biyar daga cikinsu abin ya riga ya zame masa ciwo, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara ne kan abubuwa uku wajen gane wannan ciwo, kuma samun biyu daga ciki ya isa. Na farko, mutum ya kasa riƙe kansa: ya yi alkawarin bari, ya koma; ya yi niyyar shan ɗaya, ya sha huɗu. Na biyu, abin ya sha gaban komai, har kuɗin cefane ko jarin sana'a su riƙa salwanta ba bayani, ya janye jiki daga abokan arziki, ya ci gaba da sha alhali yana ganin illar. Na uku, jiki ya saba, abin da ke isarsa a da ya daina isarsa, in kuma bai samu ba ya kwanta ciwo.

Wannan na ukun shi ya fi ɓoyuwa a gari irin Jos. Mai shan tramadol ko kodin idan ya rasa, zai yi ta hamma, hanci na yoyo, jiki na ciwo, ga gumi ga zawo. Cikin hunturu kowa zai ce mura ce ko zazzaɓi. Abin lura shi ne ciwon kan ɓace cikin ɗan lokaci da zarar ya fita ya dawo. Idan kuma ya sha, ƙwayar idonsa kan ƙanƙance, yana gyangyaɗi tsakiyar magana, yana yawan susa. Farfaɗiya ga saurayin da bai taɓa yin ta ba dalili ne na a tambayi batun tramadol, musamman mai lamba 200 ko 225, domin hukumar NAFDAC 50 da 100 kawai ta amince da su.

Mai shaƙar sholisho ana jin warin a tufafinsa, kuma gefen hanci da baki kan yi ƙuraje. Mai shan goskolo, barasar da ta addabi unguwannin Jos, hannunsa kan yi rawa da safe kafin ya kurɓa. Jan ido kuwa, wanda iyaye suka fi kamawa, shi ne mafi raunin hujja, tunda hayaƙi da ƙura da rashin barci duk suna kawo shi.

Tabbatarwa aikin likita ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ke duba masu wannan larura, hukumar NDLEA kuma na da layin neman taimako kyauta, 0800 1020 3040. Wanda ya daɗe yana shan barasa ko ƙwayoyin sa barci kada a tilasta masa bari farat ɗaya a gida, domin hakan na iya jawo farfaɗiya. Idan aka tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, leɓɓansa sun sauya launi, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko ruwa, a garzaya da shi asibiti nan take.