Maƙalar Mako: Ganye da Nama, Daga Koriya Zuwa Tukubar Tudun Wada



Duk mai kallon finafinan Koriya ya saba ganin wannan fitowa: mutane sun kewaye tebur, ga ƙaramin murhu a tsakiya nama na ƙauri, kowa ya ɗauki ganyen latas ya shimfiɗa a tafin hannu, ya ɗora yankan nama da tafarnuwa da ɗan jan yaji mai kauri, ya dunƙule ya kai baki loma ɗaya. Sunan wannan ci a harshensu "sam", wato ƙunshi. Mai kallo zai ɗauka haka kakanninsu suke ci tun fil'azal. Haka shi ma wanda ya tsaya gaban tukubar mai tsire a Tudun Wadan Zariya bayan magariba, aka yayyanka masa kabeji da tumatir da albasa a kan nama, aka barbaɗa yaji aka ƙunshe masa a takarda, zai ɗauka haka tsire yake tun zamanin Sarauniya Amina. Amma kowane abu da ke cikin ƙunshin nan yana da lokacin da ya shigo, kuma marubucin da bai san lokacin ba zai ciyar da jarumin labarinsa abin da babu shi a duniyarsa.

Mu fara da Koriya. A can ganye ne ɗan gida, nama baƙo ne. A zamanin daular Goriyo, daga 918 zuwa 1392, addinin Buda ne addinin fada, kuma yana ƙyamar yanka dabba. Wani jakadan ƙasar Sin da ya ziyarce su a 1123 ya rubuta cewa mutanen ƙasar ba su ma iya fiɗa sosai ba. Sai da mayaƙan Mongol, waɗanda makiyaya ne maciya nama, suka fara kai musu hari a 1231, daga baya suka mayar da ƙasar ƙarƙashin ikonsu, sannan cin nama ya sake samun gindin zama. Wani mawaƙin ƙasar Sin na ƙarni na 14 ya ambaci yadda mutanen Goriyo ke naɗe abinci a ɗanyen ganye, amma abin da ake naɗewa a lokacin shinkafa ce. Wani littafin al'adun shekara da aka kammala a 1849 ya kawo al'adar cin shinkafa a naɗe cikin ganye ranar sha biyar ga watan farko na shekararsu, suna fatan sun ƙunshe sa'ar shekara sun haɗiye. Barkonon da ke sa yajinsu ja ma baƙo ne. Wani littafi na 1614 yana cikin na farko da suka ambace shi a ƙasar.

Naman fa? Sarakunan daular Joson, wadda ta gaji Goriyo, sun sha hana yanka shanu domin da su ake huɗa. Talaka kan daɗe bai ga tsoka ba, yaƙin 1950 zuwa 1953 kuma ya ƙara talauta ƙasar. Teburin gashin nan da ake nunawa a fim, wanda galibi naman alade ne ko na sa, ya bazu ne a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ma'aikatan masana'antu suka fara samun albashin da za su ci nama bayan tashi daga aiki. Sai a 2022 ne naman da ɗan Koriya ta Kudu ke ci a shekara ya zarce shinkafar da yake ci. Ke nan ganyen ya shekara ɗaruruwa yana jiran naman.

A ƙasar Hausa abin ya juya: naman tsinke ne ɗan gida, ɗanyen ganyen da ke gefensa ne baƙo. Baturen nan Clapperton, wanda ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya bayyana abin da ya gani kusa da mahauta: an hura wutar itace a fili, an kakkafa tsinkaye kewaye da ita, an jera ƙananan yankan nama, tsoka da kitse, tsoka da kitse. Duk wanda ya san tukuba ya gane hoton. Abin da zai ba mai karatun yau mamaki shi ne, ya ce mace ce ke raba wa masu saye, da faifai a kan gwiwarta, su kuma suna tsugune kewaye da ita. Marubucin da ya ɗauka tun asali namiji ne kaɗai ke zama a bakin wutar nama ya ga abin dubawa.

Yanzu mu warware ƙunshin tsiren yau ɗaya bayan ɗaya. Albasa tsohuwa ce a wurinmu, sunanta ma daga Larabci ya zo, alamar ta biyo hanyar Sahara. Masoro da kimba da citta kayan ƙamshin Afirka ta Yamma ne tun da can. Amma gyaɗar da ake yin ƙuli-ƙuli da ita, da barkono, da tumatir, duk asalinsu nahiyar Amurka ne. Ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492, kuma jiragen Turawan Fotugal ne suka fara sauke irinsu a gaɓar Afirka, daga nan suka yi ta tafiya hannu zuwa hannu har suka iso Arewa. Masana sun saɓa kan zamanin Amina, wasu sun ce ƙarni na 15, wasu na 16. In na farkon ne, to babu ƙwayar gyaɗa ko ɗaya a duk faɗin Zazzau a lokacinta, sai gujiya. In na biyun ne, da ƙyar irin ya baro bakin teku. Ko ta wace fuska, mayaƙinta bai ci tsire mai garin ƙuli da jan barkono ba.

An daɗe ana noman gyaɗa kafin zuwan Turawa, amma ta zama ruwan dare ne bayan jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, cinikinta ya ɓarke a 1912. Mata a cikin gidaje su ne ke soya ta, su matse mai, su toya ƙuli, mai tsire ya saya ya daka. Duk tsinken da ka ci, akwai hannun matar da ba ta taɓa zuwa tukubar ba.

Ganye kuwa, Bahaushe ya san shi ciki da waje, amma a dafe. Kuka da lalo da yakuwa a miya, rama da tafasa da zogale a kwaɗo, ga dambu, ga faten da Kanawa ke tsokanar Zagezagi da shi har gobe. Sai dai ganye da nama ba su cika zama a akushi ɗaya a gidan talaka ba. Nama na ranar kasuwa ne, da suna, da Babbar Sallah. Ganye na kullum ne, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. A yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, ganyen daji na cikin abin da mutane suka riƙa tsinka don su rayu. Shi ya sa tsoho mai rufin asiri a wancan zamani ba zai ɗauki tulin ganye a gaban baƙo a matsayin karramawa ba. Muna da naɗi da ganye, amma naɗin ajiya ne: fatake sun riƙa ɗauko goro daga Gwanja a huhu, an lulluɓe shi da ganye ana yayyafa ruwa kada ya bushe, ana kuma ƙunshe alala da kafa a ganye. In an buɗe sai a yar da ganyen. Bakoriye yana cinye ƙunshinsa, mu muna jefar da namu.

Kabeji da latas da karas kuwa sunayensu kaɗai sun tona asirinsu: daga Turanci suka zo. A nan ne tarihin Tudun Wada ya shigo. Turawa sun kama Zariya a 1902. Da jirgi ya zo, sai garin ya rabu: birni na Zagezagi a cikin ganuwa, Bariki na Turawa, Sabon Gari na baƙin Kudu, Tudun Wada kuma a wajen Ƙofar Doka, na baƙi 'yan Arewa da aiki ko fatauci ya kawo. Teburin Bature yana son ɗanyen ganye, kukunsa yana nemansa, masu lambu a fadamun Kubanni da Galma kuma suka ga kasuwa. An kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922. Ƙaramin jirgin da ya haɗa Zariya da tudun Jos, inda sanyi ke karɓar kayan lambun Turai, ya yi aiki har 1957. A Tudun Wada kuwa ga asibiti, ga makarantar horar da ma'aikata ta Kongo wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga malaman ofis da leburori da ɗalibai, da yawansu gwauraye ne masu cin abincin titi. Unguwa irin wannan, inda mai albashi da mai lambu da mahauci ke haɗuwa kowace yamma, ita ce irin wurin da baƙon ganye ke samun masauki a gefen tsohon nama.

Saura takarda, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Kafin zuwan injin ɗab'i, takarda kaya ce mai tsada da ake kawowa ta Sahara; wadda malamai suka fi sani ita ce ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Da ita ake rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da wasiƙun sarakuna. Babu mai hankalin da zai shafa mata maiƙo. Sai da takarda ta yi arha har ta zama abin yarwa sannan ta isa tukuba. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Daga zamanin jarida da littafin makaranta da buhun siminti ne mai tsire ya samu abin ƙunshi. Duk labarin da aka gina kafin Turawa, aka ce jarumi ya warware tsire daga takarda, an yi masa ƙarya.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne, wa zai tsaya bincikar kabeji? Amsa ita ce, yaron da ya karanta littafinka ba zai je ɗakin ajiye kayan tarihi na Kaduna ya tantance ba. Abin da ka sa a akushin Sarkin Zazzau shi zai ɗauka a matsayin tarihi, ya kuma faɗa wa wani. Bayan haka, sanin zamanin abu yana ba labari ƙarfi. Ka ɗauki malamin ofis a Tudun Wada a shekarun 1950, ya kai wa mahaifinsa tsire daga albashin farko, tsohon ya tsince kabejin ya ture gefe yana cewa shi ba akuya ba ne. A wannan 'yar fitowa kaɗai an nuna saɓanin zamani biyu ba tare da dogon wa'azi ba.

Koriyawa suna iya bin sawun abincinsu ƙarni bayan ƙarni saboda wasu sun zauna sun rubuta abin da ake ci, har ya kai hukumar UNESCO ta sa al'adarsu ta haɗa kimci cikin kayan gadon duniya a 2013. Mu kuma mafi yawan abin da aka rubuta game da kasuwanninmu na da, baƙi ne suka rubuta. Ko tarihin Baba ta Karo, wanda ya adana rayuwar matan ƙasar Zazzau, Baturiya Mary Smith ce ta ɗauke shi daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Har yanzu akwai dattawan mahauta a fadar Sarkin Pawa, da tsofaffin masu lambu a bakin Kubanni, da iyayenmu mata da suka yi sana'ar ƙuli, waɗanda suka ga sauyin nan da idonsu. Kowace shekara suna raguwa.

Saboda haka kafin ka sa abinci a bakin jarumi, ka tambayi kanka abu uku: a shekarar da labarin ke gudana akwai wannan abin a garin? Mai irin matsayinsa yana iya sayensa? A cikin me aka miƙa masa? Wanda kuma yake da kaka ko kakan da ya yi sana'ar nama ko ta lambu, ya je da biro da takarda a wannan makon, ya kawo mana abin da ya ji mu ƙaru gaba ɗaya.

Allah ya ƙara mana basira, ya albarkaci alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.