Daga ciyayya zuwa teburin restoran: tarihin cin abinci a waje cikin biranen Nijar

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu dubi wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a manyan biranenmu, wato abokai su yi alkawari su haɗu a gidan sayar da abinci, su zaɓi abin da ransu yake so, su ci, su biya, su watse. Mai kuɗi a aljihu a Yamai yana iya cin shinkafar Sanagal yau, gobe atiyeke da soyayyen kifi, jibi shawarmar Labanawa ko taliyar Sin, kuma Maraɗi da Damagaram da Tawa suna biye gwargwadon ƙarfinsu. Dattawa da yawa suna cewa al'adar Nasara ce. A ganinmu maganar tana bukatar gyara. Sayen dafaffen abinci tsohon abu ne a ƙasar Hausa, haka ma cin abinci tare da abokai, sai dai a da kowanne da wurinsa da dokarsa. Abin da ƙarni na 20 ya kawo shi ne haɗa su biyun a kan tebur guda.

Bari mu fara da saye. A watan Janairu na 1851 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Tasawa. Cikin abubuwan da ya rubuta game da kasuwar garin har da yawan abincin da aka riga aka dafa ana sayarwa, da ƙorai cike da gasasshiyar fara. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Ƙasar da ayari yake ratsawa dole ta ciyar da mutanen da ba su da murhu. Fataken goro masu zuwa Gwanja da Buzayen da suke sauko da gishirin Bilma suna yada zango a bayan gari, matan garin kuwa su fito da fura da tuwo da waina. A Damagaram unguwar Zango ta girma a wajen ganuwar Birni saboda irin waɗannan baƙi. Babban falke yana da mai masauki wanda yake ciyar da shi a zaurensa. Yaran ayari da ƴan dako su ne suke tsugunawa gaban mai tuwo.

Kada a ɗauka baƙi kaɗai suke saye. Claude Raynaut, a nazarin da ya buga a 1977 kan wani ƙauye na kusa da Maraɗi, ya nuna yadda dafaffen abinci yake yawo tsakanin gidaje ta hanyar ciniki, da yadda kuɗi suke fita daga hannun maza su shiga hannun mata ta wannan ƙofa. Duk wanda ya tashi a cikin gidan Bahaushe ya san abin ba sai an karanta masa ba: ƙosai da koko da safe, ɗanwake ko fura da rana, yarinya da tire a ka tana shela ƙofa-ƙofa, uwar tana cikin kulle tana lissafin riba don kayan ɗakin ƴarta. Amma a lura da inda abincin yake nufa. Ana sayen shi a ƙofar gida, a shiga da shi ciki ko a zauna da shi a zaure. Mai saye ba ya zuwa wurin mai dafawa ya zauna.

Cin abinci da abokai kuwa sunansa ciyayya. Bayan magariba ko isha'i magidantan unguwa suna zama a ƙofar gidan babbansu ko gefen masallaci, kowane gida ya fito da akushinsa, a jera, a bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan ake sanin matar wane ta iya miya, a nan kuma ake rufa wa wanda rumbunsa ya yi ƙasa asiri, domin in kwanonsa bai fito ba babu mai tambaya. Ba a biyan ko tamma. Dokar wurin guda ce, kuma ita ce ginshiƙin duk abin da za mu faɗa nan gaba: wanda ya iske ana ci, sai an ce masa bisimilla. Yana iya cewa alhamdu lillahi ya wuce, amma rashin tayin abin kunya ne, kuma sunan marowaci ba ya goguwa da wuri.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa zama a kasuwa a ci tuwo ya daɗe yana zama abin aibu ga magidanci. Wanda aka gani yana yi, to ko dai baƙo ne, ko gwauro, ko kuwa akwai rigima a gidansa, kuma zargin yana komawa kan matarsa. Su ma masu sayarwar ba su tsira ba. Kalmar tuwo-tuwo ta ɗauki wata ma'ana ta biyu, saboda yawancin matan da suke iya zama a fili su zuba wa baƙin maza abinci zawarawa ne ko mata masu zaman kansu, a tasha kuma sau da yawa ƴan daudu ne suke kan tukunya. Sana'ar tana da riba amma ba ta da daraja.

Zuwan Faransawa, waɗanda suka kama Damagaram a 1899, bai kawo restoran ga ƴan ƙasa ba. Bature yana da kuku da boyi a gidansa, in yana rangadi ya sauka a kampama, kuma teburinsa ba wurin baƙar fata ba ne. Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne ya tara maza marasa iyali wuri guda: sojoji, gardawan bariki, leburori, direbobi, ƙananan ma'aikatan da aka kawo daga Dahomey da Togo da Sanagal. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. A Maraɗi, bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka tayar da garin daga kwari aka mayar da shi kan tudu, cinikin gujiya ya bunƙasa, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna awo, motoci suna jigila zuwa Kano inda jirgin ƙasa yake. Duk kaka garin yana cika da ƴan cin rani da ƴan kamasho. Rumfunan abinci na tasha, masu benci da babbar tukunya da kwanonin sha, a wannan zamani suka kafu. Su ne kakannin restoran na talaka, ko da yake yunwa ce take kai mutum can, babu wanda yake gayyatar abokinsa.

Gayyatar ta zo ne da albashi. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen Yamai ba su wuce wajen 30,000 ba; a ƙidayar 1988 sun kusa 400,000. Tsakanin waɗannan shekaru biyu aka yi zamanin yuraniyom: SOMAÏR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, kuɗi suka shigo baitulmali, aka ɗauki ma'aikata, aka gina otal Gaweye a bakin kogi a farkon shekarun 1980. Wani sabon rukuni ya bayyana, na waɗanda suka yi lakwal, wasunsu a Dakar ko Abijan ko Faransa, suka saba da cokali mai yatsu da faranti na mutum ɗaya, kuma abokansu na ofis ne, ba lalle su zama maƙwabta ba. Mutumin Tawa da na Doso da na Gaya da suke aiki a ma'aikata ɗaya, gidajensu a unguwanni uku, ba su da ƙofar gidan da za su yi ciyayya. Sai suka nemi wuri na huɗu. Masu hali suna hawa barandar Grand Hôtel su ci tsire suna kallon faɗuwar rana a kan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Sauran suna shiga maki, sunan da aka aro daga Abijan, inda galibi matan Benin da Togo da Gana suke soya doya da ayaba, suna gasa kaza da zabo.

A nan akwai abin dariya kaɗan. Yawancin abin da muke kira abincin baƙi ya biyo hanyar da namu ya bi ya fita. A Gana ana cin waakye da koose da tuo zaafi, kuma duk Bahaushe yana jin wake da ƙosai da tuwo mai zafi a cikin sunayen. A Abijan atiyeke da soyayyen kifin da ake kira garba ya samo sunansa daga ƴan Nijar masu sayar da shi. Ƴan ci-ranin da suka ciyar da biranen bakin teku sun dawo gida da sanin yadda ake jera tebur a kira masu saye.

Yanzu mu koma ga dokar bisimilla, domin a ganinmu a nan ne sauyin ya fi zurfi. Ma'aikacin da yake da albashi a birni yana ɗauke da ƙanne da ɗiyan ƴan'uwa da baƙin ƙauye, musamman bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 da suka koro jama'a zuwa birane. In ya sayi kilo ɗaya na nama ya kai gida, bakuna goma sha biyar ne za su raba. In ya tsaya gaban mai balangu a bakin titi, duk wanda ya sani ya gifta sai ya yi masa tayi. Katangar restoran da labulen ƙofarsa sun ɗauke masa wannan nauyi: a ciki yana cin abin da ya ga dama tare da waɗanda ya zaɓa, almajiri yana tsaye a waje da robarsa, mai gadi yana tsakani. Muna ganin wani ɓangare na kuɗin da ake biya a irin waɗannan wurare kuɗin katangar ne. Shi ya sa har yanzu akwai magidantan da ba sa gaya wa iyalinsu inda suka ci, kuma shi ya sa wasu suke sa a ƙunsa musu ragowar kaza su tafi da ita, kamar mai biyan kaffara.

Duk da haka tsohuwar ɗabi'a ba ta bari an kore ta gaba ɗaya ba. Rabon lissafi, kowa ya biya abin da ya ci, bai samu karɓuwa sosai ba a nan. Wanda ya yi gayya shi yake biya, ko kuwa babban da yake wurin, kuma ana yin ƴar kokawa a kan takardar kuɗin don kowa ya nuna ya yi niyya. Wanda aka biya wa yau ya san akwai bashi a kansa. Sau da yawa ma ana ture ƙananan faranti gefe a ce a zuba naman a babban tire guda, a wanke hannu.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihun gwamnati, ɗaukar ma'aikata ya tsaya, a shekarun 1990 kuma albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Matasan da suka gama karatu ba aiki ba su da kuɗin maki, sai suka kafa fada a bakin titi, da tabarma da butar shayi da gawayi da rediyo, ana karo-karo a sayi ganye da sukari, in an samu hali a aika a sayo shinkafa da wake ko dambu da zogale a ci cikin kwano ɗaya. Fada ta fi kama da ciyayya fiye da restoran, da bambancin cewa babu matar da ta dafa, domin yawancin masu zaman ba su da halin aure. Teburin mai shayi, da burodi da ƙwai da madara da Nescafé, shi ma a lokacin ya zama majalisar masu ƙaramin ƙarfi.

Wata matsalar ita ce giya. Maki da yawa mashaya ne kafin su zama wurin abinci, kuma wannan ya hana mutane da dama shiga. A Nuwamba 2000, lokacin boren adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an far wa mashayai da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi. A Janairu 2015 an ƙone coci-coci da mashayai a Damagaram da Yamai. Tsakanin nan, a Janairu 2011, ƴan bindiga sun sace Faransawa biyu daga wani restoran a unguwar Plateau a Yamai, abin da ya sa wuraren da Turawa suke zuwa suka ƙara tsawon katanga da binciken ƙofa. Abin da muka lura da shi a shekarun da suka biyo baya shi ne yaɗuwar gidajen abinci marasa giya, masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, inda ake sayar da shawarma da kaza da lemo da kankarar madara. Alhaji yana iya shiga da iyalinsa ba tare da an yi da shi ba.

Ta wannan ƙofa mata suka shigo a matsayin masu saye, bayan sun shafe ƙarnoni suna dafawa. Tarukansu na cin abinci, biki da suna da foyandi, a cikin gida ake yin su, kuma har yanzu a nan mafi yawansu suke. Amma ɗalibai da ma'aikata mata a Yamai suna haɗuwa su ci su biya da kuɗinsu, saurayi kuma yana kai budurwa wurin da a da zance a ƙofar gidan ubanta ya ishe shi. A Maraɗi da Damagaram abin yana tafiya a hankali, ido ya fi yawa. A can hanyar da ta fi saurin bunƙasa wata ce daban: mace tana dafawa a cikin gidanta, ta sa hoton abincin a WhatsApp, abokai a ofis ko a shago su haɗa kuɗi su yi oda, ɗan kabu-kabu ya kawo musu a cikin kula.