Haske da Zafi: Matsalar da Ta Rage wa Fitilun Ɗigon Kwantam

Ɗigon kwantam ƙwayar sinadari ce da faɗinta bai wuce nanomita 2 zuwa 10 ba, kuma girmanta ne ke yanke launin hasken da take fitarwa: ƙarama ta karkata ga shuɗi, babba ga ja. A kan wannan fage ne Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Yekimov suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Maƙalar nan na da ra'ayin cewa ingancin fitilun da ake ƙerawa da ɗigon da juriyarsu ga zafi matsala guda ce, kuma ba a warware ɗaya a bar ɗaya.

Fitilar farko irin wannan ta fito daga ɗakin binciken Paul Alivisatos a Berkeley a 1994, haskenta kuwa bai taka kara ya karya ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Zhejiang ta Sin suka kai jar fitila ga inganci na kashi 20.5 cikin 100, wato kason ilektiron da ke komawa hasken da ke fitowa waje. A 2019 Samsung ya kai kashi 21.4 da indiyam fosfayid, ba tare da kadmiyam mai guba ba. Waɗannan alƙaluma sun kusanci iyaka, domin yawancin hasken yakan maƙale a cikin shimfiɗun na'urar.

Haske na samuwa ne idan ilektiron ya haɗu da gurbinsa a cikin ɗigon. Sai dai shimfiɗar zink oksayid da ke ɓangare ɗaya na fitilar na kawo ilektiron da sauri fiye da yadda ɗaya ɓangaren ke kawo gurabe. Ilektiron da ya yi rara yakan karɓe makamashin da ya kamata ya zama haske, ya mayar da shi zafi, abin da ake kira tsarin Auger. Zafin kuma yana sassauta ƙwayoyin da ke lulluɓe da ɗigon, tabo ya bayyana a jikinsa, asara ta ƙaru. Dabarar Zhejiang ta yi aiki ne saboda siririyar shimfiɗar roba da aka sa ta rage wa ilektiron gudu. Haka ma kauri da santsin ɓawon ɗigon ke rage wannan asara.

Wani zai ce tsawon rai ya riga ya samu, tunda an ƙiyasta wa jar fitilar Samsung awa miliyan guda. Amma an yi ƙiyasin ne a kan haske mai rauni, kandela 100 a murabba'in mita, kuma shuɗiyar fitila har yanzu tana saurin dusashewa. Allon da za a yi da waɗannan fitilu kuwa ba ya cika sai da launuka uku. Saboda haka ma'aunin da ya dace a riƙa gabatarwa shi ne daɗewar shuɗin ɗigo marar kadmiyam a haske mai ƙarfi da yanayi mai zafi.