Su wa ke tsaron dajin Abzin?

Yau za mu duba tarihin babban gandun dajin da ke arewa da Agadas, wanda ake kira gandun Abzin da Tenere.

Tun zamanin kakanni Abzinawa ke zaune cikin duwatsun nan. Wasu na kiwon raƙuma da awaki. Wasu na noman garka a Timiya da Iferwan. Wasu na bin ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma. Tare suke da namun daji: barewa, da ragon dutse, da jimina. Kada mu ce ba su farauta. Suna yi, da tarko da karnuka. Amma mai tafiya a ƙasa ba ya ƙarar da garke.

Mota da bindiga ne suka kawo ɓarna. Mai mota yakan kori barewa har ta faɗi don gajiya. Ga kuma farin 1973 da na 1984, waɗanda suka kashe dabbar gida da ta daji. A 1973 ɗin ne ma wata babbar mota ta kaɓe itacen nan guda na Tenere, wanda ayari ke gane hanya da shi. Gungumensa na gidan tarihi a Yamai.

A watan Janairu na 1988 gwamnatin Nijar ta kafa gandun, da taimakon ƙungiyoyin waje biyu, WWF da UICN. Faɗinsa ya kai hekta miliyan 7 da dubu 700. Ya fi ƙasar Togo girma. A ƙasashe da yawa, in za a kafa gandu, sai a tashi mutanen wurin. A Abzin ba a yi haka ba. An keɓe kashi ɗaya cikin shida, can cikin rairayi, don farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks. Sauran kuwa, mutane suka ci gaba da kiwo da noma. An dai hana farauta da saran ɗanyen itace. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya.

Murna ba ta daɗe ba. Tawaye ya ɓarke a arewa. A 1992 UNESCO ta ce gandun na cikin hatsari. Baƙin da ke aikin suka tafi, ofishin Iferwan ya tsaya. Masu bindiga suka yi ta harbin jimina, har ta kusa ƙarewa a dajin. Da aka sa hannu kan sulhu a watan Afirilu na 1995, sai aka tarar da abin da ya rage. Barewa da ragon dutse sun ragu, amma suna nan a kwaruruwan da makiyaya ke zaune. Ƴan jiminun da suka tsira kuwa, mutanen Iferwan ne suka riƙe su cikin shinge, suna ba su abinci.

A wancan lokaci su ma manyan duniya sun fara sake tunani. A taron Riyo, ƙasar Birazil, a 1992, ƙasashe suka yarda a rubuce cewa a girmama sanin da ƴan asalin wuri ke da shi game da dajinsu. A taron Durban, Afirka ta Kudu, a 2003, aka ce a daina kafa gandu ba da shawararsu ba. A ganina, makiyayin Abzin ya riga masu taron sanin wannan. Shi ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, da kwarin da barewa ke haihuwa.

Daga 2006 aka soma sabon shiri mai suna COGERAT, na riƙon gandun tare da ƙananan hukumomi huɗu: Iferwan, Timiya, Tabelot da Gugaram. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya kawo masa cikas. Daga 2014 kuma masu neman zinariya suka cika arewa da motoci. Ma'aikatan gandun daji kaɗan ne, ƙasar kuwa faɗi gare ta. Shi ya sa ake dogara da shugabannin kwaruruwa, waɗanda ake zaɓa cikin makiyaya. In sun ga sawun baƙuwar mota ko gawar barewa, su ke kai labari Iferwan.